BAKOLORI, 1980: MANOMAN DA SUKA TARE HANYA, DA AIKIN DA SUKA BAR WA MARUBUTA

Yau tarihi za mu taɓa, kuma tarihin gida ne.

Duk lokacin da aka kira zanga-zanga a ƙasar nan, akwai maganar da ba a rasa ji a majalisun hira, daga Boɗinga har Shagari: wai fita kan titi don nuna rashin yarda ba al'adarmu ba ce, abin mutanen Kudu ne, mu an san mu da haƙuri da biyayya. Mun ji ta a watan Janairun 2012 lokacin cire tallafin mai, mun sake jin ta a watan Agustan 2024. Haƙuri kam halin kirki ne, babu mai musu. Amma wanda ya waiwayi tarihin ƙasar Sakkwato zai tarar mutanenta sun sha cewa "ba mu yarda ba", kuma ɗaya daga cikin zanga-zangar lumana mafi tsawo da talakawan karkara suka yi a Nijeriya, a tsohuwar Jihar Sakkwato aka yi ta. Abin da ya sa yawancinmu ba mu san ta ba shi ne waɗanda suka yi ta ba su rubuta ba, mu kuma da muka zo bayansu ba mu bi sawun labarin ba.

ABIN DA BOƊINGA TA GANI

Mu fara da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga a shekarun da Shehu Usmanu yake Sifawa, tsakanin wajen 1810 zuwa 1815. Kafin wannan zaman, a 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ya ga wasu daga cikin jama'a sun fara karkata ga neman dukiya da mulki. Bai ɗaga takobi a kan 'yan uwansa ba. Barin rundunar ya yi, ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya isa Kano mutanen garin suka riƙe shi, a nan ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, littafi kan yadda ya kamata mai mulki ya yi mulki. Daga baya ya dawo gida, kuma ya bayyana dalilin tafiyarsa a cikin Tazyinul Waraƙati. Shi ya sa har yau, bayan shekara ɗari biyu, muna sane da abin da ya ɓata masa rai daga bakinsa.

Shekara ɗari bayan haka aka yi Satiru, wani ƙauye da ke kudu da birnin Sakkwato, ba nisa da Danchadi. Mutanen Satiru talakawa ne, da yawansu bayi ne da suka gudo, kuma sun ƙi mulkin Turawa da harajinsa. Nasu ba na lumana ba ne. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, suka far wa ayarin sojan da aka tura musu, suka kashe Turawa 3 da sojoji baƙar fata 25. Ranar 10 ga Maris sojojin Lugga suka dawo da bindigogi masu aman wuta, aka kashe mutane wajen 2,000, aka rushe garin, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na II ya tsine wa duk wanda zai sake zama a wurin. Labarin Satiru da ke cikin littattafai, mafi yawansa daga rahotannin Turawan da suka rushe garin aka ɗebo shi.

Ga misalai biyu a ƙasa ɗaya. Na farko ya nuna rashin yardarsa ba tare da jini ba, ya kuma rubuta dalilinsa. Na biyu sun ɗauki makami, aka shafe su, abokan gabarsu suka riƙe alƙalamin. Manoman Bakolori sun bi hanyar lumana irin ta farko, amma abin da ya sami labarinsu ya fi kama da na biyu.

ƊAN SHAGARI A KAN MULKI

A shekarar da abin ya faru, shugaban ƙasa ɗan garin Shagari ne. An haifi Alhaji Shehu Aliyu Usman Shagari a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya yi midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya dawo yana koyarwa. A shekarun 1940 yana cikin matasan da suka kafa ƙungiyar Youth Social Circle a Sakkwato, inda malaman makaranta da ma'aikata ke tattauna makomar ƙasa, a zamanin da En'e ba ta sakin fuska ga ma'aikacin da ya cika tambaya. Marubuci ne kuma, shi ya rubuta Waƙar Nijeriya a 1948. An zaɓe shi majalisar wakilai ta tarayya a 1954, ya riƙe muƙaman minista daban-daban, sannan ya hau kujerar shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoba, 1979, a jam'iyyar NPN. Gwamnan Jihar Sakkwato na lokacin, Alhaji Shehu Kangiwa, shi ma ɗan NPN ne.

A wancan zamani Jihar Sakkwato ta haɗa har da Kebbi da Zamfara na yau, domin Kebbi sai 1991 aka cire ta, Zamfara kuma sai 1996. Saboda haka manomin Talatar Mafara da na Boɗinga gwamnansu ɗaya ne, majalisarsu ɗaya. Muna kawo wannan ne don mu fahimci cewa manoman Bakolori ba da baƙon mai mulki suka yi jayayya ba. Shugaban ƙasa na gida ne, gwamna na gida ne, kuma gwamnatin farar hula ce da aka zaɓa da ƙuri'a bayan shekara 13 na mulkin soja. Duk da haka sai da suka fita.

YADDA RUWA YA CI GONA

Aikin madatsar ruwa ta Bakolori ya girmi gwamnatin Shagari. Tun a 1969 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan yadda za a ci moriyar ruwan kwarin Sakkwato da Rima. A zamanin soja, da kuɗin mai suka shigo, aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, wanda reshe ne na Fiat, kwangilar datse Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara. An fara aiki a 1974, aka gama ginin madatsar a 1978. Tsawon bangonta ya haura kilomita 5, tafkin kuma an tsara shi ya ɗauki ruwa kubik mita miliyan 450. Manufar ita ce a shayar da dubban hektoci na gonaki, a riƙa noma alkama da shinkafa rani da damina. Hukumar raya kwarin Sakkwato da Rima, wadda ta gwamnatin tarayya ce, ita ke riƙe da aikin.

A takarda abin gwanin sha'awa. A ƙasa kuwa, mutane kashi uku ya taɓa.

Kashi na farko su ne waɗanda tafkin ya cinye garuruwansu da gonakinsu a yankin Maradun, mutum fiye da dubu goma. An tashe su aka kai su sabon matsuguni a kan tudu, inda ƙasar ba ta kai wadda suka bari albarka ba.

Kashi na biyu su ne manoman da gonakinsu suka faɗa cikin filin da za a shayar. Kafin a ja magudanan ruwa, sai da katafila ta shiga ta baje ƙasar. Ta share iyakokin gonaki da aka gada tun kaka da kakanni, ta tumɓuke itatuwan da mutane ke ci daga jikinsu. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san matsayin ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya a gidan talaka, musamman a hannun mata. An yi alkawarin mayar wa kowa gonarsa idan an gama, amma aikin ya ja, wasu suka yi damina bayan damina ba su shuka ko ƙwaya ɗaya ba. Da aka zo rabon kuma sai rikici ya tashi kan wace gona ce ta wane, kuma nawa ne faɗinta.

Kashi na uku su ne na ƙasan madatsar, masu noman fadama. Su rayuwarsu a kan ambaliyar damina take: ruwa ya cika fadama a yi shinkafa, ya janye a yi albasa da sauran kayan lambu, masunta su kama kifi. Da aka datse gulbin, ambaliyar ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya a garuruwa masu yawa da ba su ma cikin lissafin aikin.

Ana cikin haka, a 1978, gwamnatin soja ta kafa dokar mallakar ƙasa, wadda ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna. A ƙarƙashinta, abin da ake biyan diyyarsa shi ne amfanin gona da itatuwa da gine-gine, ƙasar kanta kuwa ta hukuma ce. Manomin da ya san gonar nan ta kakansa ce sai ya wayi gari doka na ce masa riƙo kawai yake yi.

DAGA KOKE ZUWA TARE HANYA

Manoman ba su fara da titi ba. Sun bi hanyar da aka san talakan Arewa da ita, wato kai kuka wurin masu unguwa da hakimai da jami'an hukumar, suna neman abu biyu: a biya su diyyar amfanin gona da itatuwan da suka rasa, kuma a mayar musu da gonakinsu. Da tura ta kai bango, daga ƙarshen 1979 zuwa watannin farko na 1980, sai suka tare hanyoyin da motocin kamfani ke bi zuwa wurin aiki. Aiki ya tsaya. Gwamna Kangiwa ya yi musu alkawarin za a share musu hawaye, amma su sun sha jin alkawari, suka ce ba za su tashi ba sai sun gani a ƙasa.

Mu ɗan tsaya mu auna abin da shiga irin wannan taro ke nufi ga mutumin ƙauye. A birni, mai zanga-zanga yana iya ɓacewa cikin dubban mutane, ya koma gida da yamma babu wanda ya san ya fita. A ƙauye kowa ya san kowa. Mai gari ya san sunanka da na mahaifinka, ya san gidan da ka auro. Idan ka zauna a bakin shinge, ka san cewa wanda zai sa hannu a takardar diyyarka gobe ya gan ka. Kuma ba zaman yini ɗaya ba ne, zama ne na watanni, tun sanyin hunturu har zafin bazara, a gidajen da rumbunansu suka daɗe da komawa fanko. Irin wannan ba ya ɗorewa sai da tsari da amincewa da juna. Mutanen da ake yi wa kallon ba su san komai ba sun gane inda aikin miliyoyin naira yake da rauni, wato hanyar da katafila ke bi, suka zauna a kanta.

A ƙarshen watan Afrilu, 1980, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Suka buɗe wuta a kan manoman, suka bi su har cikin ƙauyuka irin su Birnin Tudu, aka ƙona gidaje. A shekarar nan ce gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta na juyin juya halin noma, wanda aka yi don a ciyar da ƙasa da gumin manomi.

Daga nan sai aka shiga yaƙi na biyu, na ƙidaya. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ashirin da 'yan kai ne, ta kuma ɗora laifin a kan manoman. 'Yan adawa, musamman na jam'iyyar PRP, da masu bincike daga jami'a, suka ce adadin ya haura 380. Tsakanin adadin farko da na biyu akwai mutum fiye da 350, kowannensu da sunansa da iyalinsa da gonar da ya fita dominta. Daga baya an biya diyya, aikin ya ci gaba, kuma har yau ana noma da ruwan Bakolori. Gwamna Kangiwa ya rasu a watan Nuwamban 1981 bayan ya faɗo daga kan doki a wasan folo a Kaduna. Sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari ranar 31 ga Disamba, 1983. Shi kuma ya rasu a watan Disamban 2018, aka yi masa sutura a garin Shagari.

Adalci ya sa mu faɗi cewa Shagari gadon aikin ya yi, ba shi ya tsara shi ba, kuma mutanen garinsa suna tunawa da shi da sauƙin kai da rashin tara abin duniya. Adalcin nan dai ya sa mu faɗi cewa 'yan sanda na gwamnatin tarayya ne, hukumar aikin ta tarayya ce, kuma a zamaninsa aka yi harbin. Marubucin tarihi ba ya ɗaukar ɗaya ya ɓoye ɗaya don wanda ake magana a kansa na gida ne.

WA YA RUBUTA?

Abin da muka sani game da Bakolori, yawancinsa daga malaman jami'a ya zo. Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya tattara bayanai a littafin Political Repression in Nigeria a 1982. Okello Oculi, ɗan ƙasar Yuganda da ya koyar a Zariya, ya yi rubutu a kai. Bjorn Beckman, ɗan ƙasar Suwidin, shi ma daga Zariya, ya yi. William Adams na Ingila ya bi diddigin abin da madatsar ta yi wa fadama da yadda rikicin ya taso. Allah ya saka musu, ba don su ba da adadin hukuma kaɗai zai rage. Amma duk da Turanci suka rubuta, a mujallu da littattafan da jikan manomin Birnin Tudu ba zai samu a kasuwar Talatar Mafara ba. Manoman da Hausa suka yi kokensu, da Hausa suka yi shawara a bakin shinge, da Hausa aka yi makokinsu. Ya kamata a ce da Hausa ake karanta labarinsu.

Wannan giɓi yana da illa a yau. Al'ummar da ba ta san cewa iyayenta sun taɓa fita cikin lumana, da buƙatu ƙayyadaddu, sun yi watanni a kai ba, za ta ɗauka hanya biyu ce kawai gare ta, ko shiru ko ƙone-ƙone. Mun ga hakan a watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. A wasu biranen Arewa taron lumana ya rikiɗe ya zama fashe-fashe, aka sa dokar hana fita a Kano da wasu jihohi. Ƙungiyar Amnesty International ta ce jami'an tsaro sun kashe aƙalla mutum 24, rundunar 'yan sanda ta musanta. A watan Nuwamba aka gurfanar da yara ƙanana a kotun tarayya da ke Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi, sannan shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Shekara 44 bayan Bakolori, gardamar ƙidaya ba ta canja ba.

Doka kuwa a fili take. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin taruwa cikin lumana. A 2003 'yan sanda sun tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da hayaƙi mai sa hawaye, bisa hujjar babu izini. Jam'iyyar ta je kotu, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa tilasta neman izinin 'yan sanda kafin taron lumana ya saɓa wa tsarin mulki. Matasa nawa ne a Boɗinga ko Shagari suka taɓa karanta wannan hukunci da harshensu?

RABONMU A CIKI

Ba muna cewa kowane marubuci ya fita kan titi ba. Wannan shawara ce da kowa zai yanke da kansa, da iyayensa, da abin da ya fahimta. Abin da muke cewa shi ne, ko ka fita ko ba ka fita ba, idan kana riƙe da alƙalami akwai aikin da ya hau kanka, kuma tarihin Bakolori ya nuna mana irinsa.

Mu riƙa rubuta buƙatar mutane kamar yadda suka faɗe ta. Manoman Bakolori diyya da gona suka nema. Wanda ya rubuta cewa "sun tayar da tarzoma" ya tsaya nan, ya binne dalilin fitarsu tare da su.

Mu riƙa bin jerin abubuwa da kwanan watansu. Ranar harbi ita ke shiga jarida, amma shekarun koke da suka gabace ta su ne ke nuna wa mai karatu ko mutanen nan sun yi haƙuri ko ba su yi ba.

Mu riƙa neman sunaye, da iznin iyalai. Adadi ana iya musa shi a taron manema labarai. Suna da garin mutum da sunan mahaifinsa sun fi wuyar musantawa.

Mu riƙa jin ɓangare biyu. Ɗan sandan da aka tura, da magatakardan da ya riƙe rajistar diyya, da hakimin da ya tsinci kansa tsakanin gwamnati da talakawansa, duk suna da abin faɗa, kuma labari ba ya cika sai da su. Wannan ya shafi masu ƙagaggen labari ma. Da yawanmu muna kai taurarinmu Dubai da Landan, alhali ga gidan da uba ke bakin shinge, ɗansa kuma leburan kamfanin ne da ke jiran albashi. Wane rikici za mu ƙago da ya fi wannan?

Lokaci kuma ba ya jiran mu. Saurayin da yake da shekara 20 a 1980, yau ya haura 60. Suna nan a Talatar Mafara da Maradun da Bakura, wasu kuma cirani ya kawo su Sakkwato suka zauna. Wayar da muke karanta wannan rubutu da ita tana ɗaukar murya. Haka ma a ƙauyukanmu na Boɗinga da Shagari akwai dattawan da suka ga zamanin haraji da jangali da siyasar NEPU da NPC, suka san wanda aka ɗaure don ya halarci taro. A je da ladabi, a gaishe su, a ce "Baba, mun zo ne mu ji daga bakinka", a bar su su yi magana, a rubuta yadda suka faɗa ba tare da an yi wa maganar kwalliya ba.

Malam Abdullahi ya bar mana dalilinsa a rubuce, shi ya sa ba mai iya yi masa ƙage. Manoman Bakolori ba su sami wannan damar ba, amma wasunsu suna raye, kuma mu mun iya rubutu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba shugabanninmu ikon sauraren koke tun yana koke. Wanda yake da dattijo a gida da ya ga wannan zamani, ya fara da shi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.